Ga mai son kafa lambu a bayan ɗaki: mu fara da lissafin jarka

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye a ƙasar Jahun ta aiko mini da tambaya. Sun tare a sabon gida bana, a bayan ɗakinta akwai fili mai tsawon mita 8 da faɗin mita 6, ƙasar wurin rairayi ce, ruwa kuma yara ne suke ɗebowa daga famfon tuƙa-tuƙa na unguwa. Tana da awaki uku da kaji. Kuɗin cefane ya ishe ta, don haka tana so ta shuka tumatir da attaruhu da tattasai da albasa da alayyafo da kuɓewa, duk abin da tukunyar miya take nema. Tambayarta ita ce ta ina za ta fara, kuma yaushe, tunda ga damina tana ban kwana.

'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan niyya. Na daɗe ina aikin malamin gona, na shiga gidaje da yawa a ƙauyukan Kano da Jigawa, na ga lambunan bayan ɗaki da aka fara da ɗoki suka mutu kafin azumin tsofaffi ya zagayo. Mafi yawansu ba mugun iri ne ya kashe su ba, ba kuma ƙwari ba. Ƙishirwa ce, sai akuya. Shi ya sa zan roƙe ki ki ajiye maganar iri tukuna, mu zauna mu yi lissafin ruwa.

A lokacin hunturu, wuri mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 da aka shuka kayan lambu a kansa yana shan kimanin lita 5 a kullum. In bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, yana kaiwa lita 7 ko 8, a ƙasar rairayi irin taku kuwa ba a yi masa rowa. Filinki idan aka cire hanyoyin da za ki riƙa takawa, abin da zai rage wajen murabba'in mita 36 ne. Lita 180 ke nan kullum a cikin sanyi, wato jarka mai lita 25 har guda 7 da ɗoriya, a bazara kuma jarka 11 ko 12. Kullum fa, har ranar Sallah, har ranar da kika tafi suna ko gaisuwar mutuwa. Wa zai tuƙa wannan ruwan? Yaran da za su tafi boko da safe su tafi makarantar allo da yamma? Sati biyu za su yi da marmari, a na uku ki fara jin cewa layi ya yi yawa a famfo.

Mutanen Kadawa da Kura da Garun Malam da kike jin labarin tumatirinsu, ruwan dam ɗin Tiga ne, wanda aka kammala a 1974, yake biyo magudana ya same su har gona. Na wajen Auyo su ma suna da nasu ruwan. Ke kuwa kowane ɗigo sai an ɗauko shi a ka ko a baro. Saboda haka ba girman fili ne zai yanke girman lambunki ba, yawan jarkar da kika tabbata za ki samu a ranar da kowa ya gaji ne zai yanke. Shawarata ki fara da kwami 4 kacal, wanda wasu suke kira fangali, kowanne faɗin mita 1 tsawon mita 3. Jarka biyu da rabi za su ishe su a sanyi, huɗu a zafi. Sauran filin ki bar shi ya jira damina, lokacin da Allah zai yi miki ban ruwa kyauta. Kwami huɗu da ake kula da su sun fi goma sha biyu da ake yi wa yayyafi don fita hakki.

Akwai ruwan da yake zuba a gidanki kullum ba ki ɗauke shi a bakin komai ba. Ruwan alwala na mutum biyar sau biyar a rana ba kaɗan ba ne. Ki ajiye babban baho a wurin alwala, ki haɗa da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya da ƙasarin da awaki suka rage, duk lambu yana so. Ruwan wanki mai omo da na wanke-wanke mai maiƙo kada ya taɓa kwaminki. Omo yana ɗauke da gishirin da yake taruwa a ƙasa sannu a hankali ya ɓata ta. In ya zama dole, ki zuba shi a gindin babbar bishiya. Ki kuma lura da ruwan famfonku: idan bayan 'yan kwanaki kin ga fari-fari kamar kanwa yana fitowa a bakin kwami, ruwan yana da gishiri, sai ki riƙa yin ban ruwa mai yawa lokaci-lokaci don ya wanke gishirin ya yi ƙasa da shi, ki kuma ƙara taki.

Na biyu shi ne shinge, kuma a yi shi kafin ƙwayar iri ɗaya ta taɓa ƙasa. Kin yi sa'a kaka ta ƙarato, kara zai samu. A kafa dirkoki masu ƙarfi, a yi dangar karan dawa mai kauri, tsayinta ya kai ƙirjin babban mutum. Akuya ta sama take bi ko ta tura da ka, kaza kuwa ta ƙasa take shiga, don haka a binne gindin karan, a jera ƙayar magarya ko sarƙaƙiya a ƙasan dangar ta waje. In maigida yana da hali ya sayo ragar waya a zagaya ƙasan da ita, kamu biyu ya isa. Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne ƙofa. A gidana an taɓa barin ƙofar lambu a buɗe tsakanin azahar da la'asar, akuya ɗaya ta share kwami biyu na latas da uwargida ta yi sati biyar tana reno, har yau ina tuna yadda ta tsaya tana kallon wurin ba ta ce komai ba. Tun daga ranar muka ɗaura wa ƙyauren tsohuwar robar tayar keke, wadda take jawo shi ya rufe da kansa. Ki yi haka tun ranar farko, domin yaro ba zai tuna ya rufe ba.

Sai inda za ki sa kwamin a cikin filin. Kayan lambu suna son rana ta aƙalla awa 6. Ki ɗauki yini ɗaya ki duba inda inuwar katanga da ta ɗaki take faɗawa da hantsi da azahar da la'asar. Ki sani kuma a hunturu rana tana karkata kudu, don haka katangar da take kudu da filin za ta miƙo inuwa cikinsa fiye da yadda kike gani yanzu; ki ja baya daga gare ta da kamar mita ɗaya da rabi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta wannan ɓangaren dangar ta fi kauri. Idan akwai darbejiya kusa, ki nisance ta, ba don inuwarta kaɗai ba, saiwarta tana tafiya nesa ta ƙarƙashin ƙasa, tana jin ɗanshi za ta zo ta shanye ruwan da kika sha wahalar ɗebowa. Ki nisanci shadda da kwatar makewayi, ki kuma kauce wa inda indararo yake zubar da ruwa.

Yanzu ƙasa. Sabon gida yana da wata matsala da tsohon gida ba shi da ita. Magina sun kwaɓa siminti a wani wuri, sun zubar da ɓaraguzai a wani, an haƙa tushe an watso jar ƙasar ciki a kan ta sama. Ƙasar sama mai duhu ita ce mai rai, ta ciki ba ta da abinci. Ki sa a haƙa kowane kwami zurfin taƙi ɗaya da rabi, wajen santimita 30, a tsince dutse da guntun bulo da leda da ƙusa. Inda kika tarar da dasƙararren siminti ki bar wurin ya zama hanya. Ki jiƙa ƙasar ki dunƙula a hannu: in ta wargaje da kin buɗe tafi, rairayi ce zalla, ruwa da taki za su riƙa zurarewa ta cikinta kamar rariya. Maganinta ɗaya ne, ruɓaɓɓen taki mai yawa. In akwai tsohon kududdufi kusa, a ɗebo busasshiyar lakar bakinsa baro ɗaya ko biyu, a farfasa a cakuɗa, tana taimaka wa rairayi ya riƙe ruwa.

Zan daɗe a kan taki, domin a nan ne masu niyya mai kyau suke ƙona shukarsu da hannunsu. Kina da arziki a turken awakinki da akurkin kajinki, amma ɗanyen kashi ba taki ba ne tukuna. Ɗanyen kashin kaji musamman yana da zafi ƙwarai. Na taɓa zuwa wani gida aka nuna mini dashen tumatir da aka yi kwana huɗu da suka wuce, bakin ganyen duk ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, matar tana cewa sammu ne ko kambun baka. Na tona gindin da yatsa, sai warin kashin kaji ya bugi hancina, ƙasar har ɗumi take yi. Ta share akurki ne ta zuba kai tsaye don tana son su yi saurin girma. Ban da ƙuna, ɗanyen kashi yana kawo irin ciyawa, yana jawo gara da gwazarma, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cutar da za su iya hawa ganyen da za a ci ɗanye.

Ga yadda za ki ruɓar da shi. A haƙa rami a kusurwar da take da inuwa, zurfinsa zuwa gwiwa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko sararren kara, a bi da kashin awaki da na kaji, a barbaɗa ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake jerawa haka har ya cika. Ɓawon kayan miya da sharar tsakar gida duk su shiga, ban da leda da batir da fasasshiyar kwalba. Jiƙarsa ta zama kamar tsumman da aka matse, ba caɓa-caɓa ba. A rufe da tsohon buhu. Bayan kwana uku ko huɗu ki cusa sanda ciki ki zaro ki taɓa, za ki ji ta da zafi, alamar aiki ya kankama ke nan. Duk sati biyu a juya shi da shebur a ƙara ruwa. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, zafin ya tafi, ƙamshinsa ya koma irin na ƙasa ranar ruwan farko. Wannan shi ne taki. Tunda lokaci ya matse ki bana, ki nemi tsohon takin turke da ya kwana damina a tare, ko ƙasan tsohon juji a tankaɗe shi da raga a fitar da leda da gilashi, ki fara da shi, naki kuma yana ruɓa don zagaye na gaba. Kowane murabba'in mita ki ba shi bokiti guda, wato bokiti 3 a kwami, a cakuɗa da ƙasar sama, a yi ban ruwa, a bar shi sati ɗaya ko biyu. Ciyawar da ta tsiro a wannan tsakanin ki cire ta, kin rage wa kanki aiki ke nan.

Toka tana da amfani amma kaɗan, kamar cikin tafi biyu a kwami. Kada ki haɗa ta da yuriya ko ɗanyen kashi a lokaci guda, tana sa ƙarfinsu ya tashi ya bi iska. Takin zamani kuwa ƙari ne, ba madadi ba. Mudu ɗaya na kamfa zai ishe ki shekara.

Siffar kwami ta danganta da lokaci. A rani, a ƙasar rairayi, kwami mai zurfi ake yi: cikinsa ya yi ƙasa da hanya da kamar yatsu huɗu, a tayar masa da baki a kewaye don ruwa ya tsaya. Cikin ya daidaita sosai, ki gwada da ruwa, in ya taru a gefe ɗaya ki gyara da manjagara. Da damina kuwa juyawa ake yi, a tayar da kunya don kada ruwan Agusta ya kwanta a gindin shuka. Faɗin mita 1 da na ce yana da dalili: hannunki zai kai tsakiya daga kowane gefe ba sai kin taka ciki ba.

To, me za a shuka yanzu? Jerin da kika kawo ba duka ne suke son lokaci ɗaya ba, kuma wannan shi ne abin da mai sayar da iri ba zai tsaya ya gaya miki ba. Tumatir da albasa da latas da kabeji da karas 'yan sanyi ne, lokacinsu ke nan yake shigowa. Kuɓewa 'yar zafi ce. In kika shuka ta a Nuwamba za ta tsaya cak kamar an ɗaure ta, ta yi 'ya'ya biyu ko uku ƙanana, ki yi ta ba ta ruwa a banza. Ki jira ƙarshen Fabrairu. Yakuwa da rama da lalo kuma tsawon yini suke bi: in yini ya gajarce sai su yi fure tun suna ƙanana su daina ba da ganye, don haka farkon damina ne nasu. Alayyafo yana yi kusan duk shekara, sai dai yana rage gudu a tsakiyar sanyi, Disamba da Janairu. Attaruhu yana da nawa, amma in ya kama yana daɗewa yana ba ki, gindi 5 ko 6 sun ishi gida. Tattasai ki bar shi sai baɗi, ya fi su laulayi, ba na so ki fara da abin da zai karya miki gwiwa.

Da ni ne, kwami na farko alayyafo zan sa, domin shi ne zai fara shiga tukunya cikin sati 3 zuwa 4, kuma ganin amfani da wuri shi ne yake sa yara da maigida su ɗauki lambun da muhimmanci. Ki raba kwamin uku, ki shuka kashi ɗaya yau, na biyu bayan sati biyu, na uku bayan wasu sati biyun, don kada ya zo miki gaba ɗaya ya tsufa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ki cakuɗa cokalin shayi ɗaya da yashi cikin tafi, ki yaryaɗa a layi, ki rufe da ƙasa sama-sama. In ya kai taƙi ɗaya da rabi ki yanka da wuƙa ki bar masa gindi mai ganye uku ko huɗu, zai sake tohowa sau biyu ko uku. Kwami na biyu tumatir, na uku albasa, wadda tun kafin ta yi kai za ki riƙa tsinkar lawashi. Na huɗu ki raba shi tsakanin attaruhu da latas ko karas. Karas ba a dasa shi, a inda zai zauna ake shuka shi, kuma ba ya son sabon taki, yana sa shi ya yi rassa.

Ta cikin danga kuma ki jera zogale, taku biyu tsakanin kowanne. Ƙwaya ko reshe duk yana kamawa. Kada ki bar shi ya miƙe sama; in ya kai ƙugunki ki datse kansa, zai yi rassa ya ba ki ganye a inda hannu yake kaiwa. Idan ya kafu ba ya neman ruwa sosai, kuma shi ne zai riƙe ki a watannin da komai ya bushe.

Wajen sayen iri ki yi hattara. Na taɓa sayen irin albasa a wata kasuwa, a ƙulle a leda, mai shi yana rantsuwa na bana ne, ko kashi ɗaya cikin goma bai fito ba, lokacin reno kuma ya wuce. Irin albasa ba ya jure ajiya, in ya shekara yawancinsa ya mutu. Kowane iri kika samu ki gwada shi: ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, ki naɗe ki ajiye a inuwa, kada ya bushe. In 7 ko 8 sun tsiro cikin sati ɗaya zuwa kwana 10, mai kyau ne. In na fakiti ne ki sa a duba miki ranar ƙarewarsa. Na tumatir, Roma da wanda manoma suke kira UTC sun saba da ƙasarmu, suna da tsoka, ba sa saurin lalacewa. Fakitin da aka rubuta F1 a jikinsa irin aure ne, yana ba da amfani sosai amma 'ya'yansa ba sa gado, ba a ajiye irinsa. Gaskiya ma a shekarar farko, albasa da attaruhu gara ki aika a sayo miki dashe wajen masu lambu a fadama mafi kusa, a tumɓuko da yamma a naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu. Ki duba saiwar kafin ki karɓa, in kin ga ta da ƙulu-ƙulu kada ta shigo gidanki.

Tumatir kuwa ki rena da kanki don hannunki ya koya. Gindi 12 kawai kike buƙata, tsohon baho da aka huda gindinsa ya isa. Ki cika shi da ƙasa kashi biyu, tankaɗaɗɗen taki kashi ɗaya. Ki ja layi da tsinke, zurfin bai wuce faɗin farce ba, ki jera ƙwayoyin da ɗan tazara, ki rufe, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, ki yayyafa ruwa ta kanta da gwangwanin da aka huda da ƙusa. Daga kwana na huɗu ki riƙa ɗaga ciyawar kina leƙawa kowace safiya. Za ki ga wani farin abu ya lanƙwaso kamar ƙugiya yana ture ƙasa; ranar da kika gan shi ki kwashe ciyawar, in kika bari suka yi kwana biyu a duhu za su yi tsawo siriri su faɗi. Sai ki kifa musu tsohon gidan sauro a kan 'yan sanduna. Wannan gidan sauron yana da amfani, domin yana rage shigar farin ƙudan nan ƙanƙane da yake ɗauko cutar nannaɗewar ganye, cutar da in ta kama tumatir tun yana ƙarami ba shi da sauran magani. Yana kuma hana ƙadangare da tsuntsu. Kada ki cika ruwa. In kin ga dashen yana ruɓewa daidai wuyansa yana kwanciya, ruwa ya yi yawa, iska ta yi kaɗan.

In kika zuba irin a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, bayan sati 4 zai yi ganye na gaskiya huɗu ko biyar, ya isa dashe. Satin ƙarshe ki rage masa ruwa ki ƙara masa rana don ya yi ƙwari. Ranar dashe ki jiƙa bahon sosai, ki jira bayan la'asar, ki ɗago kowanne da cokali tare da ƙasarsa, ki riƙe shi ta ganye ba ta wuya ba. Layi biyu a kwami, santimita 60 tsakanin layi da layi, 45 zuwa 50 tsakanin gindi da gindi. Ki binne shi har kusa da ganyen farko, zai fitar da ƙarin saiwa a jikin karan. Ki danna ƙasar, ki ba shi ruwa nan take. Gobe da rana za ki gan shi ya langaɓe, kada ki tsorata, ki soka masa ɗan reshe mai ganye ya yi masa inuwa kwana biyu ko uku. Bayan sati biyu ki ba kowane gindi kamfa cikin murfin kwalba ɗaya, a binne nesa da karan da yatsu huɗu, a bi da ruwa. In ya fara fure ki maimaita, ki kafa masa sanda ki ɗaure da tsumma don 'ya'yan kada su kwanta a ƙasa. Albasa kuma tazarar yatsu biyar ko shida ta ishe ta, kuma ba a zurfafa ta.

Ban ruwa a gindi ake yi, ba a kan ganye ba. A sanyi da safe, a zafi da yamma, wani lokacin duka biyun. Ma'auninki yatsa ne: ki soka shi har gaɓa ta biyu, in kin ji ɗanshi ki bari. Abin da tumatir ba ya so shi ne yau ƙishirwa gobe ambaliya. Shi ne yake sa gindin ɗan ya yi baƙi ya lotsa, ko fatar ta tsage. Da shuka ta kai taƙi ɗaya ki lulluɓe ƙasar da ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, kaurin yatsu uku, ki bar ɗan fili a wuyan shukar saboda gara. Za ki ga bambanci a yawan jarkar da kike ɗauka. Akwai kuma dabarar tulu: sabon tulu ko tukunyar ƙasa da ba a shafe ta da komai ba, a binne ta har wuya a tsakiyar attaruhu huɗu, a cika da ruwa a rufe baki. Ruwan yana tsatsafowa ta jikinta, saiwa ta zo ta naɗe ta tana sha. In tafiya ta kama ki ta kwana biyu ko uku, ita ce za ta tsare miki su.

Maganar ƙwari. Kin ji labarin tsutsar da manoma suke kira sharon, wadda ta cinye tumatir a Kano da Jigawa da Kaduna a 2016 har kwando ya gagari mutane. Ɗan ƙaramin malam buɗe littafi ne mai yawon dare yake yin ƙwai, tsutsar ta shige tsakanin fatar ganye tana ci daga ciki, sai ki ga fari-fari kamar an kankare wurin, daga baya ta huda ɗan tumatirin. Ta fi ƙarfi in zafi ya fara, wanda shi ne wani dalilin da ya sa nake so ki dasa da wuri ki kwashe amfaninki daga Janairu zuwa farkon Maris. A gindi 12 idonki ya fi kowane magani. Kowace safiya ki juya ganye ki duba bayansa, wanda ya kamu ki tsinke ki jefa a murhu. Darɓa, wato ƙananan ƙwarin nan da suke manne wa ganye suna tsotsarsa, da ƙananan tsutsotsi kuma 'ya'yan darbejiya suna maganinsu: busassu, a ɓare, a daka rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun wanka kaɗan a ciki, a yayyafa da yamma har bayan ganye, duk sati. Abin da nake roƙonki da girman Allah, kada ki fesa fiya-fiya ko maganin ajiyar wake ko na sauro a kan abin da yaranki za su ci jibi. In abu ya fi ƙarfinki, ki tsinki ganyen ki sa a leda a kai wa malamin gona na JARDA, hukumar aikin gona ta jihar Jigawa, a yankinku ya gani da idonsa, in ya rubuta magani ki tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci.

Ƙulu-ƙulun saiwa da na ambata aikin wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, kuma ƙasar rairayi suka fi so. Suna kama tumatir da kuɓewa da gauta da yalo da attaruhu. In kika maimaita waɗannan a kwami ɗaya sau biyu a jere za su yi gida a wurin. Don haka inda tumatir ya tashi albasa ko masara ce za ta biyo, ba kuɓewa ba. Kuɓewarki ta Fabrairu ki sa ta inda albasa ko latas suka tashi, ki jiƙa irin ya kwana, ƙwaya biyu a rami, taƙi ɗaya da rabi tsakani, cikin wata biyu za ki fara tsinka.

In Afrilu ya shigo, furen tumatir zai fara zubewa saboda zafi ko da kina ba shi ruwa. Kada ki yi ta fama da shi. Ki tumɓuke gindin duka ki ƙona, kada ki bar su tsaye su zama masaukin sharon. Ki rage lambun zuwa abin da ruwanki zai iya ɗauka, kuɓewa da alayyafo da attaruhun da ke jikin tulu, sauran kwamin ki zuba musu takin raminki, wanda zuwa lokacin ya nuna, ki lulluɓe su da kara. A cikin kuɓewar ki zaɓi gindi biyu mafi lafiya ki ɗaura musu jan tsumma don kowa ya san ba a tsinkarsu, su bushe a jikin uwar. Haka ma alayyafo guda biyu ki bar su su yi kai. Ki sussuke irin, ki shanya a inuwa, ki haɗa da ɗan toka ki zuba a kwalba mai murfi. Da ruwa ya zauna a watan Yuni, a tayar da kunya a sauran filin nan da muka bari, a zuba yakuwa da rama da lalo, kabewa kuma a kai ta jikin danga ta hau.